Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jiragen Yaƙi a Bikin Fairford na Ingila

A tsakiyar watan Yuli, sansanin sojin sama na Fairford da ke kudu maso yammacin Ingila kan buɗe wa jama'a ƙofofinsa daga Juma'a zuwa Lahadi, domin baje kolin jiragen soja da ake kira Royal International Air Tattoo, ko RIAT a taƙaice. An fara bikin a 1971 a filin jirgi na North Weald, ya koma Fairford a 1985, kuma a 2003 jirage 535 suka hallara, abin da ya shigar da shi kundin bajinta na Guinness. 'Yan kallo kuwa sukan kai 150,000 ko fiye a cikin kwanakin. Wannan taro shi ne babbar matsalar mai ɗaukar hoto. Jirage kam za ka gan su har ka gaji. Abin da ke da wuya shi ne ka samu inda za ka tsaya babu ƙeyar wani a gabanka, rana kuma tana bayanka, sannan yatsanka ya san abin da zai juya kafin jirgin ya wuce. A ganina, wanda ya samu wuri mai kyau da lensi mai araha zai koma gida da hotunan da suka fi na wanda ya zo da kayan miliyoyi ya tsaya a sahu na goma.

Mataki na farko: shiri tun daga gida

Tikitin RIAT ta intanet ake sayensa tun kafin ranar, ba a sayarwa a bakin ƙofa, kuma na Asabar ne ke fara ƙarewa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ziyara ta Birtaniya, wadda ake iya nema tun saura wata uku a yi tafiya. Ka nema da wuri, don lokacin hutun bazara ne, masu nema suna da yawa.

Idan hali ya yi, kada ka tsara tafiyarka a kan kwana ukun nan kaɗai. Laraba da Alhamis jirage ke isowa, Litinin kuma su watse, kuma akan keɓe wuraren kallo a ƙarshen titin jirgi, gabas da yamma, da tikitinsu daban. Mutane sun fi ƙaranci, kuma jiragen da za a ajiye a ƙasa duk tsawon bikin, a waɗannan ranakun ne kawai za ka gan su a sama. Saboda haka kada ka yanki tikitin komawa gida na daren Lahadi.

Masauki a kusa da Fairford yakan cika tun da watanni. Da yawa sukan sauka a Swindon, wanda tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan, kuma daga tashar Swindon akwai bas-bas na musamman zuwa filin. Hanyoyin yankin ƙananan hanyoyin karkara ne, cunkoson motoci na safe da na yamma ba a cewa komai.

Mataki na biyu: kayan aiki

Doka ba ta yarda jirgi ya yi wasa a kan 'yan kallo ko dab da su ba. An tsaurara wannan ne bayan hatsarin Ramstein na Jamus a 1988, inda jiragen ayarin wasan sama na Italiya suka yi karo mutum 70 suka mutu, aka ƙara tsaurarawa a Birtaniya bayan na Shoreham a 2015 da ya ci rai 11. Jirgin yaƙin da ke wucewa a gabanka yana da nisan fiye da mita 200, sau da yawa ma ninkin haka. Ga dalilin da ya sa wayar hannu ba za ta yi wannan aiki ba. Ɗigo za ka samu a tsakiyar sararin sama.

Abin da ake bukata lensi ne mai zuƙowa da ya kai milimita 400 aƙalla. Mai 100-400 ya wadatar, mai 150-600 irin na Sigma ko Tamron ya fi kaiwa nesa amma ya fi nauyi, kusan kilo biyu, kuma awa bakwai ko takwas za ka yi kana ɗaga shi. Idan kyamararka mai ƙaramin sensa ce (sensa shi ne farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), ka ci riba, domin 400 a jikinta yana ba ka abin da 600 ke bayarwa a babba. Na fi son mai zuƙowa a kan mai tsayi ɗaya tak, ko da na biyun ya fi kaifi, saboda da zarar babban jirgin dakon kaya irin A400M ya taso, ko ayari mai jirgi tara, dole ka ja baya, kuma babu wurin ja da ƙafa a cikin taro.

Ƙafar kyamara mai uku ka bar ta a gida. Jirgin da ya miƙe sama tsaye ba zai jira ka kwance ƙulli ba, kuma za ta tare wa maƙwabta wuri.

Ka zo da ƙaramin lensi na biyu, kamar 24-70, domin jiragen da ke ajiye. Batir uku ko huɗu, a jakar hannu, don kamfanonin jirage ba sa yarda a sa batir ɗin da ba ya cikin na'ura a akwatin da za a auna. Soket ɗin Ingila mai baki uku ne irin wanda aka saba da shi a Najeriya. Wanda ya taso daga Nijar da caja mai baki biyu sai ya nemi adafta. Katin memori kuwa ka lissafa da kanka: kyamarar da ke ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa, kowanne megabait 30, tana cinye katin gigabait 64 cikin ƙasa da minti biyu na danna maɓalli.

Abu guda da mu da ke zaune cikin ƙurar hunturu muka fi kowa bukatar kula da shi: a share sensa kafin tafiya. Ƙurar da ba ta bayyana a hoton biki ko na kasuwa, da ka nuna kyamara sama za ta fito baƙi-baƙi a kowane hoto. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe a kwamfuta ka duba.

Sai rigar ruwa, da ledar rufe kyamara, da hula, da kujera mai naɗewa, da abin toshe kunne. Na ƙarshen nan ba na ado ba ne. Jirgin yaƙi na Typhoon idan ya kunna wutar bayan injinsa, a ƙirji kake jin ƙarar kafin kunne. Yanayin kuma ba shi da alƙawari: akan yi ruwa da sanyi a Yuli, amma a 2022 kwana biyu bayan bikin zafi ya haura digiri 40 a Ingila.

Mataki na uku: inda za ka tsaya

Nan ne rabin aikin yake. Titin jirgin Fairford ya kai kusan kilomita 3, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, 'yan kallo kuma suna kudu da shi suna fuskantar arewa. Wannan babbar sa'a ce, domin a Ingila rana ta kudu take bi, wato tana bayanka galibin yini. Gabas na hannun damanka, yamma na hagu. Da safe hasken ya fi kyau a kan jirgin da ke hagunka, da yamma kuma a kan wanda ke dama. Da tsakar rana, wajen ƙarfe ɗaya, ko'ina ya yi.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka kasance a layin shiga kafin a buɗe ƙofa, ka wuce binciken jaka, kada ka tsaya kallon komai, ka nufi shingen gaba kai tsaye. Za ka wuce jirage jere a ajiye, zuciyarka za ta ce ka tsaya. Suna nan har yamma, shingen ne ba zai jira ba. Kafin a fara shawagi wajen ƙarfe goma, sahun gaba ya riga ya cika da kujeru.

To wane ɓangare na shingen? Kowa tsakiya yake nema, saboda a nan matuƙa ke daidaita wasansu, a nan ayari ke tarwatsewa, a nan jirgin yaƙi na F-35B ke tsayawa cak a iska. Amma tsakiya ta fi cunkoso, wani sashe nata ma rumfuna da kujerun masu tikitin musamman sun cinye shi, kuma jirgin da ya wuce ta gabanka a miƙe gefensa kawai za ka samu, ko cikinsa. Hoton da masu wannan harka ke ji da shi shi ne wanda jirgi ya karkata ya nuna maka bayansa, ka ga fuka-fukai biyu da gilashin mazaunin matuƙi, wani lokaci har da hular kwanonsa. Wannan ya fi samuwa a kusa da ƙarshen layi, inda jirgi ke lanƙwasowa ya shigo ko ya fita. Ni can nake ba da shawara.

Sai ka duba iska. Jirgi yana tashi da sauka ne yana fuskantar iska, kuma iskar Ingila ta fi zuwa daga yamma. A irin wannan rana jirage daga ƙarshen gabas suke fara gudu, a nan kuma tayoyinsu ke taɓa ƙasa idan sun dawo, su tayar da hayaƙi. Wanda ya tsaya can gabas zai samu sauka, amma jirgin da ke tashi zai wuce shi yana ƙasa. Wanda ya matsa yamma da tsakiya zai samu lokacin da hancin jirgi ya ɗaga, wuta na fita a bayansa. Ba za ka samu duka a rana ɗaya ba, shi ya sa mai tikitin kwana biyu yake canza wuri.

Riƙe wurin ma aiki ne. Ku je ku biyu idan zai yiwu, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Idan kai kaɗai ne, ka gaisa da na kusa da kai tun da safe. Turawan nan suna mutunta kujerar da aka bari, kuma yawancinsu sun san jadawalin jirage fiye da mai sanarwa. Kada ka turo lensinka ta kan kafaɗar wani, kuma idan yaro na bayanka ka ba shi gefen shinge, ba zai tare maka sama ba. Batun sallah, azahar tana shiga wajen ɗaya da kwata, daidai lokacin da shawagi ya yi zafi, la'asar kuma bayan biyar, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara. Ka sa ƙaramar darduma a jaka; alƙibla tana kudu maso gabas. Abincin rumfuna da yawa da naman alade ake yi, guzuri daga Swindon ya fi kwanciyar hankali, ya kuma cece ka daga dogon layi.

Mataki na huɗu: saiti

Ka sa kyamara a tsarin da kai ke zaɓar saurin shota, wato S a Nikon da Sony, Tv a Canon. Fokas ya zama mai bin abu, AF-C ko AI Servo. Idan kyamararka na da zaɓin gane jirgin sama, kunna shi. Idan babu, ka zaɓi ƙaramin rukunin ɗigo a tsakiya. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Jirgin jet yana iya wucewa da gudun da ya kusa mita 300 a daƙiƙa, wato ko a 1/1000 na daƙiƙa ya matsa kusan santimita 30 kafin shota ta rufe. Don haka ka fara da 1/1600 ko 1/2000, ka bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya daidaita kansa. Kada ka ji tsoron ISO 800 a ranar gajimare. Ɗan tsakuwar da ke fitowa a hoto ana iya rage ta a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Jirgi mai farfela lissafinsa daban ne, kuma a nan ake gane sabon shiga. Idan ka ɗauki tsoffin jirage irin Spitfire ko Lancaster a 1/2000, farfelar za ta tsaya cak, jirgin ya zama tamkar injinsa ya mutu a sama. Dole ka sauko ƙasa, 1/320 da farko, in hannunka ya zauna ka kai 1/200 ko 1/160. Ga yadda lissafin yake: farfela mai ganye huɗu da ke juyi 2,400 a minti tana juyi 40 a daƙiƙa, kowane ganye na bukatar rubu'in juyi kafin ya kai inda na gabansa yake, saboda haka 1/160 ne zai ba ka cikakken da'ira. Jirgi mai saukar ungulu ya fi wuya, domin farfelarsa a hankali take juyi. Ta Chinook kusan 225 ce a minti. Sai ka sauko 1/125 ko ƙasa kafin ka ga alamar motsi, kuma a wannan sauri da lensi mai 400 yawancin hotunan za su lalace. Ka fara ɗaukar 'yan kaɗan a 1/250 don kada ka tashi a tutar babu, sannan ka yi kasada.

Abubuwa biyu na biyo bayan rage sauri. Idan rana ta take, kyamara za ta tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ƙurar sensa ta fito, kaifi ya ragu. Ka sauke ISO zuwa mafi ƙanƙanta, ko ka ɗaura gilashin rage haske na ND. Sannan a kyamarori da yawa marasa madubi, shota ta lantarki tana lanƙwasa ganyen farfela. Ka koma ta inji.

Babban tarkon shi ne mantuwa. Chinook ya gama, ka bar 1/125, sai ga Typhoon. Ka ajiye saiti biyu a maɓallan C1 da C2, ko U1 da U2, ɗaya na jet ɗaya na farfela, kuma duk lokacin da mai sanarwa ya ambaci jirgi na gaba ka duba lambar kafin ka ɗaga kai.

Sai haske. Farin gajimare na yaudarar kyamara, ta ga haske ya yi yawa ta rage, jirgi mai launin toka ya fito baƙi. Ka ƙara haske da +2/3 ko +1 a maɓallin gyaran haske. Idan sama shuɗiya ce ka mayar sifili, idan jirgin fari ne rana na dukansa ka rage kaɗan.

Mataki na biyar: bin jirgi

Ka ware ƙafafu, ka fuskanci inda kake so hoton ya faru, ba inda jirgin ya fito ba. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lensi can gaba, juyi kuma daga ƙugu. Ka kama jirgin tun yana nesa, ka bi shi fokas na aiki, ka danna a jere na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ya cika ido, kuma kada ka tsaya da ka saki maɓalli, ka ci gaba da rakiyarsa. Idan lensinka na da tsarin hana girgiza na bin abu, Mode 2 a Canon ko Sport a Nikon, shi za ka sa.

Kada ka bi ƙara. Jet mai tsananin gudu yana isowa kusan tare da ƙararsa, in ka jira kunne ya gaya maka, wutsiya za ka samu. Ka kalli inda lensunan tsofaffin hannu suka nufa.

Kada kuma ka ɓata kati a kan jirgin da ke can nesa a kan titi da rana tsaka. Zafin kwalta na tayar da ƙawalwalniya, babu lensin da ke ratsa ta. Akasin haka, ranar da aka yi ruwa iska ta jiƙe, ka shirya: jet idan ya yi juyi mai tsanani, farin tururi kan lulluɓe saman fuka-fukansa na ƙiftawar ido. A lokacin da ya fara karya kwana ake dannawa, ba bayan ka ga tururin ba.

Wannan hannu ba a Fairford ake koyonsa ba. Makonni kafin tafiya ka fita bakin titi ka bi babura a 1/160, ko shirwa a sama, ko dawakin sukuwa, har sai kana samun mai kaifi a kowane jeri.

Ayarin masu hayaƙi

Red Arrows na Birtaniya da jajayen Hawk, Patrouille de France da Alpha Jet, irin jirgin da sojin saman Najeriya ma ke amfani da shi, da Frecce Tricolori na Italiya mai jirgi goma: ga waɗannan ka rage zuƙowa zuwa 100 ko 200. Hoton yana cikin siffar ayarin da layukan hayaƙi, ba jirgi ɗaya ba. Ka bar fili a gabansu da bayansu. Wurin da jirgi biyu ke tahowa gaba da gaba su gitta, kada ka nemi bin duka. Ka bi ɗaya a 1/2000 ko fiye, idonka na hagu a buɗe yana hango ɗayan, ka fara dannawa kafin su haɗu. Idan iska na turo hayaƙin wajen 'yan kallo, hotunan mintunan da suka biyo baya za su yi hazo. Ka huta hannu.

Jiragen da ke ajiye

Ka bar su sai an gama shawagi, lokacin da jama'a suka yi tururuwa zuwa motoci. Hasken yamma ya fi laushi, kuma gara ka yi awar nan kana ɗaukar hoto da ka yi ta a layin bas, muddin ka san lokacin tashin ta ƙarshe. Ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, jirgin zai rufe mutanen da ke bayansa. Inda shinge da mazugi suka hana, ka matsa kan ɓangare: bakin inji, zanen wutsiya, sunan matuƙi a ƙarƙashin gilashi. Ma'aikatan jiragen sukan tsaya kusa suna sayar da bajoji, ka nemi izini kafin ka ɗauki fuskarsu.

Izinin da ka samu a cikin biki iyakarsa biki. Jirgi marar matuƙi haramun ne a wurin gaba ɗaya. Kuma kada ka ɗauki wannan sakewa ka kai ta wani sansani, a can ko a gida: a 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 masu sha'awar jirage a Kalamata ta Girka bisa zargin leƙen asiri, kuma sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su.

Mataki na ƙarshe: tacewa

A daren nan ka kwafe katunan wuri biyu, ka sa batura a caji, ka busa ƙurar lensi. Kada ka goge komai a jikin kyamara, ƙaramin allonta ƙarya yake yi. A kwamfuta ka buɗe kowane hoto ɗari bisa ɗari ka duba mazaunin matuƙi da rubutun jikin jirgi. Idan ba su fito tsaf ba, ka jefar, komai kyan juyin. Daga kowane jeri ɗaya ko biyu za ka ajiye. Wajen yankewa ka bar fili a gaban hancin jirgi fiye da bayansa, ka daidaita ƙasa idan ta fito a hoton, ka bi sararin sama ka share ɗigon ƙura. Kafin ka sa a Facebook ko Instagram, ka duba lambar da ke jikin wutsiya ka haɗa da jerin jiragen da masu bikin ke wallafawa a shafinsu, domin F-16 na ƙasashe daban-daban kamarsu ɗaya ga wanda bai duba tuta ba.